Yadda Ake Haɗa Irin Shanun Nama da Yi Musu Rajista: Jagora ga Mai Kiwon Kasuwa

A manyan kasuwannin shanu irin su Wudil, Maigatari da Potiskum, yanzu ba abin mamaki ba ne ka ji dillali yana cewa, "Alhaji, wannan ruwa biyu ne, ubansa na waje ne." Da ka tambayi wane iri ne uban, kashi nawa na jinin waje ke jikin maraƙin, kuma a wane wata aka haife shi, sai magana ta koma rantsuwa. Nan ne asarar take. Haɗa iri yana ƙara girma da nauyi, wannan gaskiya ne, amma ribarsa tana ɗorewa ne kawai a garken da mai shi ya san wace saniya ce ta haifi wane maraƙi, da wane sa. In babu wannan sanin, cikin shekara biyar ko shida garken zai zama gauraye marar kan gado: ba su da juriyar shanun gida, ba su kuma kai na waje girma ba.

Ka fara lissafin abinci kafin ka je neman sa

Saniya tana cin busasshen abinci kusan kashi 2.5 cikin 100 na nauyinta a kullum. Mai kilo 300 ke nan tana buƙatar wajen kilo 7 da rabi. A ƙasar Hausa rani yana ɗaukar wata bakwai ko fiye, don haka saniya guda za ta ci sama da tan ɗaya da rabi kafin ciyawa ta dawo. Ka ninka wannan da yawan shanun da kake son ajiyewa, sannan ka dubi abin da kake da shi na harawa, karan dawa, kowar wake, dusa, angurya da busasshiyar gamba. Ka haɗa da ruwa, don a watannin zafi babbar saniya tana shan lita 40 ko fiye a yini.

Dalilin farawa da wannan shi ne, jinin waje ba ya kawo nama daga sama. Abin da yake ba maraƙi shi ne ikon juya abinci ya zama tsoka da sauri. In abincin babu, ruwa biyu ya fi Bunaji, farar saniyar Fulani, saurin ramewa, domin jikinsa yana neman fiye da abin da daji ke bayarwa. Wanda shanunsa ke tafiya mai nisa neman kiwo, ba shi da rumbun harawa, gara ya tsaya kan gyara irin gida ta hanyar zaɓen nagartaccen bijimi. Wannan ma hanya ce ta samun riba, kuma ba ta da haɗari.

Ka kuma yanke shawarar wa za ka sayar wa. Mahauci da mai mayankar zamani nauyi suke saye. Mai layya da mai sayen sa don biki suna kallon tozo, ƙaho da kwarjini. Masu kiwon turke suna son ɗan bijimi mai ƙashi wanda zai cika cikin wata uku ko huɗu. Amsar wannan tambaya ita za ta nuna maka irin uban da ya dace.

Iyaye mata su ne jarin

Shanun gida su ne ginshiƙin aikin, kuma ina ganin ana raina su fiye da kima. Bunaji tana da juriyar zafi da tafiya, tana riƙe ɗanta da kyau. Bokoloji, wadda ake kira Gudalin Sakkwato, ta fi cikar jiki da sanyin hali, ga gajeren ƙaho, shi ya sa masu kiwon nama suke sonta. Gudalin Adamawa ma haka take a tsaunukan Najeriya da Kamaru. Azawak ta Nijar, wadda aka daɗe ana tace irinta a tashar Tukunus kusa da Filinge, ta dace da inda fari ya fi tsanani. Rahaji dabbar tafiya ce, ba ta son a killace ta, don haka ba ita zan fara zaɓa ba a gonar da aka kewaye.

In za ka saya, ka nemi saniyar da ta haihu sau ɗaya ko biyu, mai faɗin ƙugu, lafiyayyen hantsa da kan nono huɗu masu aiki, kofato daidai, haƙora ba su cinye ba. Ka tambayi tarihin haihuwarta. Saniyar da ta taɓa ɓari, ko wadda ke da kumburi a gwiwa, ka bar ta komai arharta, don alamun bakkale ke nan, cutar da ke sa shanu ɓari.

Duk dabbar da ta shigo, ka ware ta mako uku zuwa huɗu. Likitan dabbobi ya ɗebi jini ya gwada bakkale, ya yi gwajin tarin fuka, a ba ta maganin tsutsa da na hanta, a wanke mata kaska. A yi allurar rigakafin ciwon huhu, harbin daji da saifa. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato tana sarrafa waɗannan allurai. Bakkale yana kama mutum, saboda haka kada a taɓa mahaifa ko ɗan da aka yi ɓarinsa da hannu tsirara, kuma a tafasa madara kafin a sha.

Wane jini za ka kawo

Kafin ka ambaci sunan kowane iri, ka san labarin Wakwa. A tashar bincike ta Wakwa kusa da Ngaundere a Kamaru, an fara shigo da bijiman Brahman daga Amurka a 1952, aka haɗa su da Gudali. 'Ya'yan sun fi iyayensu mata girma da saurin cika, har aka ci gaba da haɗa su da junansu don a samar da sabon iri mai suna Wakwa. Amma kirci ya addabe su fiye da yadda yake addabar Gudali, kuma wannan ya hana irin bazuwa a hannun makiyaya kamar yadda aka yi fata. Ka lura, Brahman mai tozo ne, an gina shi daga shanun Indiya, yana jure zafi ƙwarai. Duk da haka bai san kaskarmu da daminarmu ba. To ina ga wanda ya fito daga ƙasar sanyi?

Irin da ake kawowa sun kasu gida uku. Akwai masu tozo, irin su Brahman, Nelore na Brazil, da Boran na Habasha da Kenya. Suna ƙara girman jiki, suna riƙe tozo, kasuwarmu tana karɓarsu ba gardama. Sai dai da yake su da shanunmu duk dangin masu tozo ne, ƙarfin haɗin jini da ake samu, wato ƙarin girma da juriyar da ɗa ke samu in iyayensa iri daban-daban ne, bai kai na haɗi da marasa tozo ba.

Akwai marasa tozo na Turai: Simmental daga Suwizalan, Charolais daga Faransa, Angus daga Sikotilan. Haɗa su da saniyar gida yana ba da ɗa mai saurin girma da saurin balaga, domin jinin biyu sun yi nisa da juna. Amma ɗan Charolais da na Simmental yakan zo da girma a ciki, yana iya wahalar da ƙaramar saniya wajen haihuwa. Angus ƙananan 'ya'ya yake bayarwa, kuma yawancinsu ba sa fitar da ƙaho, sai dai baƙin gashi a ranar watan Afrilu ba ƙaramin nauyi ba ne ga dabbar da ba ta da inuwa.

Na uku su ne waɗanda aka riga aka gauraya aka daidaita. Brangus kashi 3 cikin 8 Brahman ne, 5 cikin 8 Angus. Santa Gertrudis, wanda aka samar a gandun King Ranch na jihar Texas aka amince da shi a 1940, kashi 3 cikin 8 Brahman ne, sauran Shorthorn. Bonsmara na Afirka ta Kudu, aikin Farfesa Jan Bonsma, kashi 5 cikin 8 jinin Afrikaner ne na gida, ragowar Hereford da Shorthorn. A ganina darasin Bonsmara ya fi kusa da mu, domin jinin gida shi aka bai wa rinjaye.

Shawarata ga mai farawa: kada jinin Turai ya wuce rabi a jikin kowace dabbar da za ta zauna a garke. A yankin da ƙudan tsando ke kawo sammore, ko rabin ma yana da yawa in babu magani a kai a kai. Sannan a yi hattara da wani abu. Maniyyin da ya fi yawo a hannun masu ɗura wa shanu maniyyi ta allura na shanun madara ne, musamman Friesian. Ɗansa zai yi tsawo, amma ba dabbar nama ba ce. Ka karanta sunan irin a jikin tsinken maniyyin, wato siririn bututun da yake zuwa a ciki, da idonka.

Tsarin haɗi: a nan ake cin riba ko a faɗi

Lissafin jini mai sauƙi ne. Ka haɗa kason uba da na uwa, ka raba biyu. Uba Simmental zalla da uwa Bokoloji zalla suna ba da ɗa mai kashi 50. Wannan shi ne ruwa biyu na farko, wanda ake rubutawa F1, kuma shi ne ke ɗauke da cikakken ƙarfin haɗin jini: ya fi matsakaicin iyayensa rayuwa, girma da haihuwa. In ka mayar da karsanar F1 ga bijimin gida, ɗan zai zo da kashi 25. In ka ba ta na waje zalla, 75. In ka haɗa mai 25 da mai 50, sai ka sami 37.5, wato kashi 3 cikin 8 ɗin nan.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, in ka haɗa F1 da F1, rabin wannan ƙarfin ya tafi, kuma 'ya'yan sukan fito daban-daban, wani ya biyo kakansa na waje, wani na gida. Shi ya sa dole ka zaɓi tsari tun kafin barbarar farko.

Tsari mafi sauƙi shi ne na sayar da duka. Iyaye mata su kasance na gida zalla, uba na waje, duk abin da aka haifa, mace da namiji, a yi kiwonsa a sayar. Kowane maraƙi F1 ne, babu ruɗani. Matsalarsa ita ce daga ina za ka samu karsanoni masu maye gurbin tsofaffi. Maganinta, ka ware wajen kashi ɗaya cikin uku na mafi kyawun shanunka, ka riƙa ba su bijimin gida nagari, su haifa maka magada. Ga mai shanu 20 zuwa 60, wannan nake ba shawara.

Na biyu shi ne na karɓa-karɓa. 'Yar bijimin waje a ba ta bijimin gida, 'yar bijimin gida a ba ta na waje, haka har abada. Bayan wasu zuri'o'i jinin yana tsayawa a wajen kashi biyu cikin uku na irin uban ƙarshe, kuma ana riƙe kusan kashi 67 cikin 100 na ƙarfin haɗin. Kana samun karsanoninka daga cikin gida. Amma yana buƙatar garke biyu a lokacin barbara, da littafin da ba ya kuskure, kuma rabin shanun za su kai kashi biyu cikin uku na jinin waje, wanda ya yi yawa in na Turai ne. Ya fi dacewa in irin wajen mai tozo ne kamar Boran ko Brahman.

Na uku shi ne gina sabon iri daidaitacce, kamar yadda aka yi Brangus. Haɗin 3 cikin 8 da 5 cikin 8 yana riƙe kusan kashi 47 cikin 100 na ƙarfin haɗin, kuma da zarar ya daidaita, kiwonsa kamar na iri guda ne. Wannan aikin ɗaruruwan shanu ne da shekaru masu yawa. Mutum ɗaya mai ƙaramin garke in ya gwada, dangi zai riƙa hawan dangi, ya lalata abin da ya gina. Aikin ƙungiya ne ko cibiya.

Kowane tsari ka ɗauka, bijimi ba zai hau 'yarsa ba. Ka sauya shi kafin 'ya'yansa mata su isa barbara. Duk ɗan bijimin da ba a zaɓe shi don iri ba, a dandaƙe shi da wuri ko a raba shi da mata kafin ya kai wata takwas, domin 'yan ruwa biyu suna balaga da wuri fiye da yadda makiyayi ya saba gani.

Bijimi ko allura

Bijimin Turai zalla da wuya ya yi tsawon rai yana aiki a zafinmu. Hanyar da ta fi ita ce ɗura maniyyi ta allura. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta daɗe tana wannan aiki da horar da masu yinsa, akwai kuma likitoci masu zaman kansu. Wanda zai shigo da maniyyi ko dabba daga waje sai da izinin hukumar lafiyar dabbobi ta tarayya da binciken NAQS, hukumar da ke tantance dabbobi da kayan gona masu shigowa ƙasa.

Saniya tana neman sa duk bayan kwana 21, wani lokaci 18 zuwa 24. Alamar da ba ta ƙarya ita ce ta tsaya cak wata saniya ta hau ta. Shanunmu masu tozo nemansu gajere ne, kuma sau da yawa cikin dare yake zuwa, don haka a duba garke da asuba da kuma bayan magariba, a ɗauki minti 30 ana kallo. Wadda aka gani da safe a yi mata allura da yamma, wadda aka gani da yamma a yi mata washegari da safe. Maniyyi yana zaune ne a tulun ruwan nitirojin, a narkar da shi a ruwa mai ɗumin digiri 35 zuwa 37 na wajen daƙiƙa 30 zuwa 45, a yi amfani da shi nan take. Tulun da ya taɓa bushewa, abin da ke cikinsa ya mutu, ko da an sake cika shi.

Akwai allurar da ke sa shanu su nemi sa lokaci guda. Tana sauƙaƙa aiki, amma tana zubar da ciki, saboda haka sai likita ya tabbatar babu mai ciki. In rabin shanun suka ɗauka a karon farko, an yi ƙoƙari. Sauran a saki bijimin gida a kansu, amma bayan mako biyu, don ranar haihuwa ta nuna maka ɗan waye.

In bijimi mai rai za ka saya, likita ya duba maraina da maniyyinsa, a gwada bakkale. Babban bijimi lafiyayye yana iya ɗaukar mata 25 zuwa 30 a kaka guda, matashi kuwa rabin haka.

Lokacin barbara da haihuwa

Kada ka bar bijimi cikin mata shekara duka. Ka ware wata uku. A arewa, barbara daga Agusta zuwa Oktoba tana samun shanu sun ƙoshi, kuma da yake ciki yana ɗaukar wajen wata tara da rabi, haihuwa za ta faɗo daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Agusta, ciyawa tana tsirowa, nono yana wadata. Wahalar wannan zaɓi ita ce watanni biyun ƙarshe na ciki suna faɗawa a tsakiyar bazara, don haka mafi kyawun harawa da angurya na masu ciki ne. Damina kuma tana zuwa da tsutsa, kaska da kirci, sai an tsaya a kan maruƙa.

Karsana ba a yi mata barbara da shekaru, da nauyi ake yi: sai ta kai kusan kashi biyu cikin uku na nauyin uwarta. Haihuwar fari kuma a ba ta uban da aka san yana ba da ƙananan 'ya'ya. Bayan wata biyu da fitar da bijimi, likita ya duba ciki. Da an haihu, maraƙi ya sha nonon farko cikin awa shida, a tsoma cibiyarsa a aidin. In saniya ta yi awa biyu tana naƙuda mai ƙarfi ba ci gaba, a kira likita, kada a ɗaura igiya a ja da ƙarfin tsiya. A garken nama, nono na maraƙi ne. Wanda ya tatse uwa ya sayar da kindirmo, ya ci kuɗin naman ɗan tun kafin ya girma.

Lamba da littafi

Rajista daga gida take farawa, ranar haihuwa. Fulani makiyaya sun daɗe suna riƙe salsalar shanunsu a ka, suna kiran saniya da sunan gidan uwarta, suna iya jero maka kakanninta. Wannan ilimi ne na gaske, kuma in kana da irin wannan makiyayi, ka zauna da shi ka rubuta abin da ya sani. Sai dai mai saye a Legas ko banki ba su iya karɓar abin da ke cikin kan mutum.

Cikin kwana uku na farko, a sa wa maraƙi lambar kunne. A huda tsakiyar kunne, tsakanin jijiyoyin guringuntsi biyu, a goge da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Tsarin lamba ya zama mai ma'ana: 25-014 na nufin maraƙi na 14 a shekarar 2025. Lamba ba ta maimaituwa ko da dabbar ta mutu. Da yake ƙaya tana cire lambar roba, a ƙara shaida ta dindindin, zanen tawada a cikin kunne ko lalas. In lalas ne, a yi shi ƙarami a ƙasan cinya, don kada a ɓata ƙirgi. Akwai kuma lamba mai na'ura da ake karantawa da ɗan inji, mai alƙaluma 15 bisa ƙa'idar duniya. In lambar ƙasa aka yi amfani da ita, ukun farko 566 ne ga Najeriya, 562 ga Nijar.

Kowace dabba ta sami shafinta: lambarta, jinsi, ranar haihuwa, nauyin haihuwa, launi, lambar uwa da irinta, sunan uba da irinsa, kason jini, ko haihuwar ta zo da sauƙi ko an taimaka. In allura aka yi, a rubuta rana, sunan mai allurar, da lambar tsinken, a kuma adana tsinken da aka yi amfani da shi. A ɗauki hoton dabbar ta dama da hagu. Bayan haka duk allura, ciwo, magani, awo, barbara da haihuwa su shiga shafin a ranar da aka yi su. Abin da aka bari sai gobe, ƙwaƙwalwa ce za ta cike shi, kuma ƙwaƙwalwa tana son ranta. Ka ajiye littafin takarda, ka kuma ɗauki hoton shafukansa a waya duk wata. In an sace dabba, Allah Ya kiyaye, wannan shafin ne hujjarka a gaban sarkin kara da hukuma.

Awo da tacewa

Ana auna maraƙi ranar haihuwa, ranar yaye a wata bakwai, da cikar shekara, da wata 18. In babu sikeli, tef ɗin tela ya isa. Ka auna zagayen ƙirji daga bayan ƙafafun gaba, ka auna tsawo daga kan kafaɗa zuwa ƙashin gindin wutsiya, duk da santimita. Ka ninka zagayen da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 10,840. Mai zagaye 150 da tsawo 130 zai kai wajen kilo 270. Ba daidai yake cif ba, amma in mutum ɗaya ke awon, yana nuna wa ke gaba.

Don kada ka zalunci wanda aka haifa daga baya, ana mayar da nauyin yaye zuwa ma'aunin kwana 205. Misali, maraƙin da aka haifa da kilo 28, aka yaye shi a kwana 220 da kilo 160, yana ƙara gram 600 a kullum, nauyinsa na kwana 205 kilo 151 ne. Wani da aka haifa da kilo 27, aka yaye a kwana 180 da kilo 144, yana ƙara gram 650, nasa ya kama kilo 160. Ido zai zaɓi na farko, littafi zai zaɓi na biyu, kuma littafin ne ke da gaskiya.

Saniyar da ta tsallake kaka biyu ba ciki alhali tana ƙoshi, da wadda kullum ɗanta ne na ƙarshe a awo, da wadda kirci ba ya barinta, a sayar da su. Ka riƙa rubuta yawan kaska da kirci a kan kowace ruwa biyu, domin a ƙasarmu wannan awo bai gaza na nauyi muhimmanci ba.

Rajista a wajen ƙungiya

Abu uku ake kira rajista, kuma ana cakuɗa su. Akwai shaidar mallaka da lafiya, wato lamba da takardun ofishin likitan dabbobi. Akwai rajistar sabon iri gaba ɗaya, wadda a Najeriya kwamitin ƙasa da ke zama a cibiyar adana irin tsirrai da dabbobi ta NACGRAB a Ibadan ke yi. Ta nan aka yi wa kajin ShikaBrown rajista. Sai rajistar dabba ɗaya ɗaya a littafin salsala na ƙungiyar masu iri, wadda ita ce ke ƙara wa bijimi daraja.

Ƙungiyoyin da suka yi nisa a wannan suna da sharuɗɗa masu kama da juna. Ƙungiyar masu Brangus, wadda aka kafa a Amurka a 1949, ba ta rubuta dabba a matsayin Brangus sai kason jininta ya cika 3 cikin 8 da 5 cikin 8, ba ta da ƙaho, launinta ya dace, kuma iyayenta duka suna cikin littafi. Masu Bonsmara sun wajabta awon girma, sannan masu duba na ƙungiya su ga dabbar da ido kafin a karɓe ta. Suna da matakai: saniyar tushe, sai rukunin A, sai rukunin B, sannan cikakkiyar rajista, kowane mataki zuri'a guda ce da bijimi mai rajista. Masu Boran a Kenya sun kafa tasu ƙungiyar a 1951, kuma su ma da matakai suke hawa.

Hanyar iri ɗaya ce kusan ko'ina. Ka zama ɗan ƙungiya, a ba garkenka suna ko haruffan shaida. Ka shigar da iyaye mata a matsayin tushe. Ka aika sanarwar kowace haihuwa cikin wa'adin da suka sa, haɗe da takardar allura ko shaidar bijimi. In ana shakkar uba, a tsige gashin wutsiya da saiwarsa a aika gwajin DNA. A kawo awo, a duba dabba, a biya kuɗi, a ba ka takarda. In ka sayar, a sauya sunan mai ita a littafin, in ba haka ba 'ya'yanta ba za su shiga ba.

Ga yawancinmu, abin da ya fi kusa shi ne masu kiwo goma ko ashirin na yanki ɗaya su yi rajistar ƙungiyar gama kai, su buɗe littafin salsala nasu. Su amince da tsarin lamba guda, kason jinin da suke so, ranakun awo, da likita ko masanin kiwo daga waje wanda zai riƙa duba dabbobi ba sani ba sabo. Mai riƙe littafi kada ya zama mai sayar da bijimai. Takardar ƙarya guda ɗaya tana iya zubar da mutuncin littafin duka, don haka a rubuta hukuncin wanda ya yi ta tun ranar kafa ƙungiya.

Ka tuna kuma ba kowace dabba ke buƙatar wannan takarda ba. Dandaƙaƙƙen sa mai tafiya mayanka, lambarsa da shafinsa sun ishe shi. Kuɗin rajista a kashe shi kan bijiman iri da karsanonin da za su zama iyaye. Ranar sayarwa, ka miƙa wa mai saye kwafin shafin dabbar da takardar rigakafinta, ka faɗa masa kason jininta da irin bijimin da ya kamata ya ba ta, ka kuma rubuta a littafinka ranar da ta fita, nauyinta, da kuɗin da aka biya.